Shaidar da Na Hana Yaya Sule

Bana shekara goma sha biyar cif da muka kai Yaya Sule makwancinsa a Ma'ala, maƙabartar Makka. Duk shekara in watan ya kama nakan sa a dafa shinkafa a raba wa maƙwabta, in karanta masa abin da ya sawwaƙa, in koma harkata kamar na sauke nauyi. Bana na sa an dafa, an raba, na karanta, nauyin yana nan inda yake. Shi ya sa na ɗauki alƙalami na rubuto wa wannan jarida, don na san alhazai na zuwa mana da ita nan, kuma ana karanta ta a zaurukan Kano, inda labarin yayana ya isa tun da daɗewa a karkace. Akwai shaidar da aka nema a bakina a gaban dattawa, na hana. Rashinta ne ya raba shi da sana'arsa, ya bar wa 'ya'yansa suna marar daɗi.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da shi, ya girme ni da shekara bakwai. Tare muka baro ƙasar Kano a ƙafa, muka ratsa Chadi, muka tsaya tsinkar auduga a Sudan har damina biyu, sannan muka haye bahar a kwalekwale. Ni da 'yan littattafaina na taho, shi da hannunsa. Magini ne tun a gida, na tubali da azara, irin wanda in ya gama soro sai ya ja da baya ya tsaya yana kallonsa shiru, har mai gida ya tsargu ko wani abu ne ya ɓaci. Da muka iso Makka ya tarar ginin nan na dutse ne, baƙin dutsen tsaunukan garin da farar ƙasa. Bai yi girman kai ba. Ya naɗe gammo ya shiga ɗaukar dutse a ka, tare da sauran 'yan'uwanmu Takari. Ni kuma na sami ɗan gefe a unguwar Misfala ina ɗinkin hula, da yamma in tafi Harami in zauna a gaban malamai.

A wurin ɗaukar dutsen ya haɗu da Mu'allim Karim. Mu'allim a bakin mutanen nan shi ne babban magini, wanda ake aiki a ƙarƙashinsa. Tsoho ne Ba'indiye, siriri, gemunsa ja da lalle, ya zo hajji ya zauna. Ya lura Yaya ba ya jefar da dutse in ya kawo shi, sai ya jujjuya shi ya nemi fuskar da za ta zauna, sannan ya ajiye. Daga nan ya ja shi jiki. Matsalar ɗaya ce: Larabcin Mu'allim a karye yake, Yaya kuwa ko karyayyen ba shi da shi. Don haka duk Juma'a bayan an sauko sai su biyo ta wurin ɗinkina, in ɗora shayi, in zauna a tsakaninsu ina tafinta. Mai karatu ya riƙe wannan. Duk abin da ya fito daga bakin tsohon nan ya shiga kunnen yayana, ta bakina ya bi.

A waɗannan Juma'o'in muka ji labarin ginin da ke bayan ƙauyensu a ƙasar Hindu. Ɗakin bauta ne na mutanen can, na zallan dutse, wanda ya ce ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Wani sarkinsu na dā ne ya ci yaƙi, ya ɗau alkawarin zai gina wa abin bautarsa ɗakin da ba a taɓa gani ba. Babu dutse a kusa, sai daga nesa ake janyo shi da giwaye. Sarkin ya ware ƙauyuka sukutum, ya ce amfanin gonarsu na maginan ne da iyalansu, da masu kunna fitila, da masu shara. Ya mutu ginin bai kai rabi ba, ɗansa ya ci gaba, jikansa ya rufe. Husumiyar ginin tana hawa tana tsukewa kamar hular rumbu, amma hawa bisa hawa, har sai ka riƙe hularka kafin ka hango ƙarshenta. Don a ɗora dutsen ƙarshe, ƙasa aka tara aka yi mata gangare mai nisan tafiya, aka ja shi a hankali har sama, sannan aka kwashe ƙasar. A ƙarƙashin duk wannan tsayin, in ji shi, ɗan ɗaki ne ƙarami mai duhu, wanda bai fi ɗakin da nake ɗinki ba. Gabansa kuma rumfa ce ta ginshiƙai, jikin bango duk sassaƙen mutane da dabbobi.

Sassaƙen bai dami Yaya ba, ko tambaya bai yi a kai ba. Abin da ya hana shi shan shayinsa shi ne da Mu'allim ya ce babu farar ƙasa ko laka a tsakanin duwatsun. Kowane dutse an fere masa harshe a gefe ɗaya, an huda masa baki a ɗaya gefen, ya shiga ɗan'uwansa ya zauna, nauyin na sama ya danne na ƙasa. Yaya ya sa na maimaita masa sau uku. Sannan ya ce, "Habu, tambaye shi, sunan wa aka rubuta a jiki?" Mu'allim ya ce na sarki, da na matansa, da jerin ƙauyukan da ya bayar, an zagaye gindin ginin da rubutu. Yaya ya ce, "Maginan fa?" Sai tsohon ya buɗe mana tafin hannunsa kawai. Su biyun suka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba a lokacin.

Kada wani ya zaci Mu'allim Karim yana da wani abu a ransa game da bautar. Kakan kakansa ne ya musulunta, kuma ni shaida ne ba a rigansa sahun gaba. Ya ce ranar da gidansu ya karɓi kalmar shahada suka daina sassaƙa sura, amma ba su jefar da igiya da ma'auni ba, don igiya ba ta yi musu laifin komai ba. Abin da ya gada ke nan, shi kuma ya koya wa Yaya. Kafin a haƙa harsashi sai a share fili, a kafa turaku huɗu, a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa har tsayin biyun ya zo daidai. Sannan a raba filin gida-gida, takwas a tsaye takwas a kwance, a bi layin da toka. Da waɗannan gidajen magini zai san kaurin bango, da inda ƙofa za ta faɗo, da inda za a bar tsakar gida a buɗe. Duk gidan da ginshiƙi zai tsaya sai a ajiye tsakuwa a ciki don kada a manta. Shi ke nan. Babu karatu, babu turare, babu yanka. Na tambayi tsohon da kaina, don ni mutum ne mai bin diddigi, ya ce mutanen can suna da nasu surkullen da suke haɗawa da shi, amma wannan na limamansu ne, magini awo ne nasa.

Gida huɗu suka gina tare a unguwannin da ke jikin Harami. Ana dab da fara yaƙin duniya na biyu, da aka soma raɗe-raɗin jiragen ruwa za su daina zuwa, Mu'allim ya ce yana so ya mutu a kusa da 'ya'yansa, ya koma ƙasarsu. Ya bar wa Yaya igiyarsa da kurfi biyu na fere dutse. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Bayan tafiyarsa ne wani attajiri ɗan'uwanmu Bahaushe ya sami fili a unguwarmu, ya ce Sule ne zai gina masa. Ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki irin na lokacin ba. Karo na farko ke nan shi ne mu'allim, kuma a cikin mutanensa. Da an idar da sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, sai ya tafi filin shi kaɗai ya kafa turakunsa, ya ja layinsa da toka, ya bi gidajen yana ajiye tsakuwa, yana ƙirga a ransa bakinsa na motsi. Balarabe ko Ba'indiye in ya wuce, magini zai gani yana awo. Mu kuwa Hausawa ne. Tun muna yara mun san abin da ake zanawa gida-gida a sa wani abu a kowane gida, mun gan shi a allon malaman tsibbu, mun gan shi a cikin laya. Matan da ke zuwa ɗibar ruwa suka koma gida suka ce Sule yana buga hatimi a ƙasa. Da farko abin tsegumi ne kawai. Bango ya kai gwiwa sai 'yar mai gidan, yarinya 'yar shekara biyar, ta yi zazzaɓin kwana uku ta rasu.

Wanda bai zauna a Makka a waɗannan shekarun ba ba zai gane tsoron da ya shiga unguwa ba. Maganar sihiri ba abin wasa ba ce a nan, kuma mu baƙi ne, yawancinmu ba mu da takardar komai. In zance ya fita daga unguwa ba Sule kaɗai zai shafa ba. Don haka Malam Idi, dattijon da ke riƙe da al'amuran mutanenmu, ya tara manya a zauren masallacinmu bayan la'asar. Ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa, so yake ya kashe wutar a cikin gida. Ya tambayi Yaya abin da ya zana. Yaya ya ce awo ne. Ya ce a ina ya koya. Da ya ce a wurin mu'allimina ya tsaya a nan, da wataƙila an tashi lafiya. Amma Yaya bai iya rabin magana ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, mu'allimina ya gada ne daga kakanninsa, su kuma da shi suka gina wa wani sarki ɗakin bauta a ƙasar Hindu." Zauren ya ɗauki salati. Wani ya ce to ai ga shi nan, ya faɗa da bakinsa, aikin gidan gumaka ya kawo mana garin Allah.

Malam Idi ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam Habu, kai ne ka yi musu tafinta, kuma kai mai karatu ne. Abin nan awo ne, ko akwai wani abu a ciki?"

Bari in faɗi abin da ke raina a lokacin, tunda na zo faɗin gaskiya. Limaminmu ya tsufa, an fara tura ni gaba in ba ya nan, kuma ina so. Ina so ƙwarai. Na duba fuskokin da ke zauren na ga in na ce awo ne, gobe za a ce ai bakinsu ɗaya, shi ne ma ya yi dakon maganar matsafa daga Larabci zuwa Hausa. Mahaifin yarinyar yana zaune a gefe idonsa jajur. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah gafarta Malam, ni dai abin da aka faɗa nake juyawa. Abin da ke ciki Allah ne masani." Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina shekara da shekaru. Amma kowa a zauren ya ji abin da na ce, ya kuma ji abin da ban ce ba. In ƙanin mutum na ciki ɗaya, mai karatu, ya kasa cewa awo ne, wa zai ce? Yaya ya kalle ni sau ɗaya, ba da fushi ba, kamar yadda yake kallon bangon da ya gama. Sannan ya mai da kansa ƙasa.

Hukuncin da sauƙi a ganinsu. Ba za a kai maganar gaba ba, amma Sule ya ajiye gini. Aka tone harsashin, aka share filin, aka kawo wani ya gina. Zancen ya bi bakin leburori har ya kai ga sauran mu'allimai, ba wanda ya ƙara kiransa ko ɗaukar dutse. Ya sami gwangwani biyu da sanda ya shiga ga-ruwa, yana hawa da sauka a tsaunukan garin. Lokacin hajji ya tafi Mina ya yi dako. Shekarun yaƙi ne, alhazai sun yi ƙaranci, kowa na cikin matsi, shi nasa ya fi. Bai taɓa ɗauke ƙafa daga gidana ba, kuma da aka ba ni limancin, a bayana yake salla. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sau ɗaya na gwada buɗe maganar. Na same shi a inuwar wani gida daga cikin huɗun nan, ya sauke gwangwanayensa yana shafa bangon da tafin hannu. Na ce, "Yaya, game da ranar nan." Ya ce, "Bari, Habu. Ni na san awo ne, kai ma ka sani. Yaran ne ba su sani ba." Ya saɓi sandarsa ya wuce. Ya buɗe mini ƙofa ke nan, ya gaya mini abin da yake so in yi, ni kuma na ce a raina sai an ɗan manta tukuna, sai ƙura ta lafa. Ban yi ba. Shekara huɗu bayan zaman zauren ya dawo daga Mina da ciwon ƙirji, bai yi sati biyu ba. Ni na yi masa salla, ni na yi wa mutane wa'azi a kan riƙon amana a wurin zaman makoki. Ya bar 'ya'ya uku, kuma har suka girma a unguwa ana ce musu 'ya'yan mai hatimi. Babbar sai da aka fasa aurenta sau ɗaya a kan haka, na kuwa san dalili, na ce wa uwarta haƙuri za a yi.

Yau da Yaya zai ɗaga kai ya ga Makka, ban san ko zai gane hanyar gida ba. Sarkin ƙasar nan ya sa hannu a aikin faɗaɗa Harami, Allah ya saka masa, an kawo injuna da siminti da ƙarafa, ma'aikata daga kowace ƙasa, ana ciyar da su ana shayar da su. Ban haɗa wannan da wancan ginin na ƙasar Hindu ba, Allah ya tsare ni, ɗaya ɗakin Allah ne. Amma na san Yaya, da ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi wa ya fere wancan dutsen, kuma ba za a sami mai ba shi amsa ba. Siminti kam ba na jin zai burge shi, zai ce an ba wa malalaci abin ɓoye kuskurensa. Gidaje uku daga cikin huɗun da suka gina da Mu'allim sun shiga cikin aikin, an rushe su. Wani daga cikin masu rusau ya gaya mini sun sha wuya a kusurwoyin, guduma ba ta yi ba, sai da suka bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya daga sama suna zarewa. Na ji daɗi, na kuma ji kunyar jin daɗin, don ba ni da rabo a cikinsa.

Ɗan Yaya, Isa, yana cikin leburorin aikin. Watan jiya na bi ta wurin da rana zan shiga salla, na hango shi riƙe da bakin igiya, wani injiniya na riƙe da takarda yana ba shi umarni. Sun kafa turaku, sun raba fili gida-gida da farin gari, suna sa alama a inda ginshiƙai za su tsaya. Hausawa sun fi ashirin a wurin, wasu ma 'ya'yan waɗanda suka zauna a zauren nan ne, ba wanda ya ɗaga kai. Isa ya gan ni, ya ba wani igiyar ya taho. Shi haifaffen nan ne, Larabci ya fi zama a bakinsa, amma da Hausa ya yi mini magana. Ya ce, "Baffa, don Allah, irin wannan ne Babana ya yi?" Na ce irinsa ne. Ya ce, "Kai ka sani tun lokacin?" Na ce na sani. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Tayyib," wato shi ke nan, ya koma ya karɓi igiyarsa. Tun ranar bai zo gidana ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na zauna na auna abin da ya rage na Yaya Sule. Gida ɗaya ya rage, shi ma an sa masa alamar rusau. Igiyar ta ruɓe, kurfin an sayar da su a shekarun yunwa. Sarkin can na ƙasar Hindu ya sa an sassaƙa sunansa a dutse, maginansa kuwa an manta da su, amma aƙalla mantawa kawai aka yi, ba a ɓata su ba. Yayana bai nemi a rubuta sunansa a jikin komai ba. Abin da ya nema kawai a bar wa 'ya'yansa shi da tsabta, kuma mutum ɗaya ne a duniya zai iya yin hakan, shi ne mai wannan rubutun.

Ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan karanta wannan a zauren masallacinmu kafin in aika da shi. In jama'a sun ga wanda ya ɓoye shaida kusan shekara ashirin bai cancanci ya tsaya a gabansu ba, sun yi daidai, zan koma sahun baya. Malam Idi ya rasu, yawancin waɗanda suka ji tambayarsa sun rasu, amma tambayar ba a amsa ta ba, to ga amsar. Ni Habu, ƙanin Sule magini, na ji da kunnena, na faɗa da bakina, na gani da idona: awo ne. Babu sihiri a ciki, babu tsafi, kuma yarinyar nan zazzaɓi ne ajalinta. Na san haka ranar da aka tambaye ni, tsoro da son limanci suka rufe mini baki. Duk wanda ya taɓa jin labarin mai hatimi, a Makka ko a Kano, ya gyara shi a bakinsa, ya gaya wa wanda ya gaya wa.

Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya sa ya huta. Ni kuma wanda ya karanta ya roƙa mini gafarar Ubangiji, don wanda ya kamata in durƙusa a gabansa ya jira ni shekara huɗu, ban zo ba.